Sai Inna Ta Yarda

Akébé, Libreville, 3 ga Maris, 1984

Yaya Ƙulu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Inna da yara. Bayan haka, inuwar nan da nake gani a idon dama ba dattin madubin gyaran agogo ba ne, ko da yake sau biyu ina sake madubin. Likita ya ce ciwon daji ne a cikin ƙwayar idon. Ko dai a cire idon, ko in tafi Faransa a gwada sabon magani: a ɗinka wani ɗan faifai kamar maɓallin riga a bayan idon, yana sakin hasken da ke kashe ciwon, ana kuma ɗumama wurin da na'ura. Ya ce in ciwon ya ƙara girma, faifan ba zai iya masa ba. Matata Baraka kullum faɗa take mini in tafi, amma ban taɓa hawa jirgi ba sai da izinin Inna. Ki nemo mini yardarta.

Ƙanenki, Mamuda

Maraɗi, 29 ga Maris

Mamuda,

Muna amsawa, Allah ya ba ka lafiya. Kai dai har yanzu ba ka da dabara. Me ya sa ka rubuta maganar ɗumamawa, alhali ka san a gaban Inna ake karanta wasiƙa? Kana goye lokacin da wanzami ya yi wa Kawu Jika sakiya a gefen ido, ya makance. Inna ce ta riƙe masa kai, hannunta ya san zafin ƙarfen. Da ta ji wasiƙarka ta ce, "Ba a ƙara kai wuta kusa da idon jinina." Na yi kuka, wallahi tsoro nake ji. Matarka ta fi ka gaskiya, ka tafi, ni zan ɗauki laifin. Ka gaida ta.

Yayarka, Ƙulu

Maraɗi, 20 ga Mayu

Mamuda,

Gaisuwa. Na ji daga bakin Alhaji Bouba, da ya zo daga Libreville, wai kana nan zaune a shago kana jira, taurin kan nan naka! To, na kai Inna wurin wani likita a nan, ya zana mata ido a takarda, ya sa ta taɓa kofin shayi mai ɗumi, ya ce zafin bai wuce haka ba. Kwana uku ke nan da yin haka. Yau ta ce ka tafi, Allah ya tsare. Alhaji zai kawo maka wannan da hannunsa. Ka yi sauri.

Yayarka, Ƙulu

Akébé, 9 ga Yuni

Yaya Ƙulu,

Ina gaishe ku. Ciwon ya wuce girman faifan, an cire idon ran Talata. Likita ya ce bai bazu ba, alhamdu lillahi. Wasiƙarki ta iso ran Alhamis, kwana biyu bayan aikin, Baraka ce ta karanta mini. Don Allah kada Inna ta ji ranakun. Ki ce mata yardarta ta iso, kuma na samu lafiya. Duka biyun gaskiya ne.

Ƙanenki, Mamuda