Na Ba da Abansi, Ban Ga Kamiyoneti Ba

Zuwa ga Mai Girma Daraktan kamfanin saida motoci da ke Yamai. Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni manomin albasa ne daga Tamaske, kuma kaina ya ɗaure ƙwarai.

Na farko. Yaranku sun zo kasuwarmu da lasifika, suna shelar cewa tun da kuɗin ruwan banki ya hau, kamfani zai ɗauke wa mai saye wannan nauyi, ya ba da abansi kawai, wato kuɗin somin biya, ya hau kamiyoneti, ƙaramar motar ɗaukar kaya, amma a yi sauri kafin rangwame ya ƙare. Na daɗe ina jin jiki a hannun masu kamiyo, manyan motocin da ke ɗaukar mana kaya, don haka na buɗe rudu, rumbun albasa, na sayar da albasar da na ajiye, tun ba ta yi tsada ba. Duk manomi ya san wannan asara ce, na rufe ido na yi.

Na biyu. A Madawa wakilinku ya karɓi abansi, ya ba ni hannu gaban shaidu ya ce an gama. A wurinmu, in an tafa an ce an sallama, ko raƙumi ne sai ka ja abinka. Sai daga baya nake jin wai banki bai amince ba, don ba ni da takardar albashi. Na kai maigari banki ya tsaya mini, aka ce ba a san da wannan ba. To da wa na yi ciniki, da ku ko da banki? Banki ya ce in koma gare ku, wakilinku ya ce in jira banki.

Na uku. In rangwamen na masu albashi ne, me ya kawo lasifikarku kasuwar albasa? Ko dai ni ne ban gane ba?

Roƙona, ranka ya daɗe, lokacin dashe ya matso, kuma kuɗin iri da taki da man injin ban ruwa su ne a hannunku. A ba ni mota in riƙa biya bayan kowace kaka, ko a maido mini abansina. In dashe ya wuce ni, na rasa bara na rasa bana. Har rumfar mota na kafa a ƙofar gida, yanzu jakin maƙwabcina ke shan inuwa a ciki, masu wucewa suna yi mini barka da sabuwar mota.

Allah ya ƙara maka girma, ya sa ka fahimci abin da ni na kasa fahimta. Wassalam.

Illa Mahamadu, Tamaske.