Ƙafar Kofur Ilu

Assalamu alaikum Baba,

Ka san akwai maganin da wataƙila da ya rufe gyambon ƙafarka, kuma ba wanda ya taɓa gaya mana? Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana raye ma, cewa za ka yi in ajiye biro in wuce gona.

To, gonarka ta Bakori lafiya lau, masara ta yi goyo. Inna ta koma suyar ƙosai. Ƙanwata Hadiza ta haifi namiji, an mayar masa da sunanka.

Kofur Ilu ne ba lafiya, abokin nan naka da bam ɗaya ya same ku tare a bakin daga. Tun rasuwarka ni ke hawa babur zuwa Malumfashi in wanke masa ƙafa yadda kake yi. Wallahi sai na kau da kai saboda wari. Kai fa? Taka ƙafar tana tsiyaya cikin takalmin roba, amma ka durƙusa ka gyara tasa tukuna, kana tsokanarsa wai ko a gudun tsira shi ne na ƙarshe, yana dariya har da hawaye. Ban taɓa faɗa maka ba, Baba: ban ga namiji irinka ba. Da wannan ƙafar ka yi huɗa damina bayan damina, kuma ban taɓa jin ka zagi kakinka ba.

Yanzu likita ya ce sai an yanke ƙafar Ilu daga gwiwa. Ka san ni da tone-tone a waya. Sai na ci karo da wata na'ura kamar tankin ruwa a kwance: a shigar da majinyaci a rufe, a cika ta da iskar oksijin mai matsi, jini ya kwashi iskar ya kai wa naman da ke mutuwa. A wasu wuraren hukuma ce ke ɗaukar nauyin wannan jinya ga tsofaffin sojojinta. Na nuna wa likitan. Ya ce gaskiya ne, ba kowane ciwo take warkarwa ba, irin na Ilu dai ya cancanci gwaji, sai dai babu ita a kusa, inda take kuma, saboda tsada, ba ta manomi irin Ilu ba ce.

Ba ta manomi ba! Da aka tura ku gaban harsashi, an tambayi sana'ar ubanninku?

Ka hana ni ƙorafi, na bi. Wannan karon ka yafe mini. Zan kira gidan rediyo, zan tsaya tsakiyar kasuwa, har sai wani daga cikin waɗanda suka aike ku ya fito gaban jama'a ya amsa da bakinsa: za a gwada wa Ilu wannan magani kafin wuƙa, ko ƙafarsa ba ta kai ba?

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka.

Ɗanka mai tsiwa,
Sanusi