Gonar Baba a Cikin Waya

Yaya Bukar,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya aiki, yaya zaman Agadas? Da fatan Yagana da yara suna lafiya. Mu nan Diffa sai godiya.

Yaya, na ga gonarmu ta Bosso. Maƙwabcinmu mai shago ne ya nuna mini cewa taswirar wayata tana nuna ƙasa daga sama. Na bi Komadugu da yatsa har kwanar da muke wanka muna yara, sai na kai wa Baba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ga tsamiyata. Nan uwarku take shanya tattasai, Allah ya jiƙanta."

Ya tambaye ni ko hoton na yau ne. Na ce tsoho ne, ban san yadda wurin yake yanzu ba. Ya ce ba komai, in bar masa wayar tukuna. Yanzu kullum bayan la'asar sai ya kira ni ya ce, "Falmata, kai ni gona."

Ka taya mu addu'a Allah ya nufe shi da komawa da ƙafarsa. Ka gaida Yagana, ka shafa mini kan yara.

Ƙanwarka,
Falmata