Zagaye Uku a Motar Nevis

Yaya Merlene,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Mama, ya yara? Ni lafiya lau, kada ki damu.

Muna tsibirin Nevis, ni da Errol, hutun cikarmu shekara ashirin da aure. Errol ya iya zaɓen wuri: a bakin teku ya gaya min ba zai koma gidanmu na Toronto ba, ya riga ya kama ɗaki. Har da riƙe min hannu, mutumin kirki.

Washegari na shiga motar haya da ke kewaya tsibirin. Duk wanda ya hau sai ya gaida kowa. Rabona da irin wannan kulawa na manta.

Can direban ya ce, "Madam, zagaye na uku ke nan fa. Tsibirin ya ƙare, ba mu ɓoye wani ba."

Wata tsohuwa mai kwandon mangwaro ta ce, "Kai dai tuƙa. A kanka take zaune?"

Ki share min ɗakin baya, ina nan tafe Jamaika da Kirsimeti. Ki ce wa Mama aiki ne ya riƙe Errol. Ta saba jin haka.

Ubangiji ya tsare ku.

Ƙanwarki,
Icilda