Kwalbar Zuma a Cikin Kwamfuta

Zariya, Nuwamba 1996

Ya Paulina, sanyin idona, ruwan Matsirga a tsakiyar bazara, farin watan da ke leƙowa ta kan dutsen Kagoro!

Zuciyata ta ƙi zama wuri ɗaya tun da kika ce in karɓi gurbin karatun nan na Turai in tafi, wai ba kya so ki karkatar mini da hanya.

Kin tuna ranar kasuwar Manchok, da kika ɗaga kwalbar zumar mamarki kina nuna wa mai saye? Rana ta ratsa ta, wuyan kwalbar ya yi ruwan ɗorawa, cikinta ya yi ja wur, hasken ya sauka a kumatunki. Ita na zaɓa in zana a kwamfuta don aikina na ƙarshe a jami'a. Sai na tafka wauta: na gaya wa injin cewa gilashi ba ruwansa da haske, barinsa yake ya wuce kawai. Na jira har shayina ya huce, hoto ya fito, ga tebur, kwalba babu! Dole na koya masa gaskiya. Haske in ya shiga gilashi lanƙwasawa yake yi, kamar yadda cokali ke yin kamar ya karye a kofin ruwa. In ya shiga zuma sai ta shanye wani ɓangarensa, inda ta fi kauri ta fi sha, shi ya sa can ta fi ja. Sannan kwalbar ta bayyana.

To ke fa, sarauniyar taurin kai? So kike in ratsa rayuwarki in wuce ɗoɗar, kamar ba a taɓa yin ki ba? Wa ya ce miki ina son miƙaƙƙiyar hanya in ba ke a kanta? Kin riga kin karkatar da ni, kin shanye rabina, kuma ban taɓa yin asara mai daɗin wannan ba. Wayyo Paulina, ina kewarki ƙwarai!

Ban ba masu gurbin karatun amsa ba tukuna. Bayan Kirsimeti kawuna Zamani zai je gaida babanki. In kin yarda, a ɗaura mana aure, mu tafi tare ko mu zauna tare. In kuwa sona ne ba kya yi, faɗa mini da bakinki, zan daure. Amma kada ki ƙara ce mini don alherina kike korata.

Naki ke kaɗai, muddin ina numfashi,
Kumai