Ni Ke Riƙe da Giyar Motarka, Alhaji

Zuwa ga Alhaji, mai shuɗiyar bas ɗin nan ta haya da ke jigila tsakanin Sabon Gari da Samaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, ranka ya daɗe, na sakaya sunanka saboda girmanka, amma duk mai sammakon tasha ya san motar da nake nufi. Na je ƙofar gidanka aka ce kana hutawa, na koma aka ce ka tafi Kano. Shi ya sa na kawo maganar bainar jama'a, don tsoro ya hana ni yin shiru.

Ni masinja ne a wani ofis a Samaru, gidana a Jushi. Tun da gwiwa ta raba ni da keke, motarka nake bi, domin ita kaɗai ke tashi da wurin da zan isa in buɗe ofis kafin manya su zo.

Na farko, giyar motarka ba ta zama. Tsohuwar mota ce, tun ana tuƙin hannun hagu take aiki, ba laifi ba ne. Amma tun damina, da direbanka Ɗanjuma ya sa giya, ƙafar motar ta faɗa rami, sai sandar giyar ta yi tsalle ta fita da kanta. Inji ya yi ta ihu, mota ba ta ja. Da farko ya ɗaure sandar da robar tsohuwar tayar keke, ya maƙala a ƙafar kujera. Robar ta tsinke. Daga nan sai ya koma roƙon duk wanda ya zauna a gaba ya danne masa sandar, shi kuma ya ji da sitiyari da ramukan hanya.

To, wa ake ba kujerar gaba? Ka san al'adarmu. Da an ga furfura sai a matsa, a ce baba ya shiga gaba. Girmama ni ake yi, Alhaji, kuma girman nan ne ya sa rayukan mutane cike da mota a hannuna kowace safiya. Ni da ko sitiyari ban taɓa riƙewa ba!

Na biyu, abin da ya faru a mararrabar jirgin ƙasa. Ran nan mun ɗauko ma'aikata da ɗalibai da mata masu kai tumatir. Ina danne da sandar har kafaɗata ta yi tsami. Muna hawa kan layin dogo, motar ta yi girgizar nan tata, tafin hannuna duk gumi, sandar ta suɓuce. Ɗanjuma ya kai hannu ya tura ta da ƙarfi, ƙarfe ya yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, inji ya mutu. Muna tsakiyar dogo. Motarka kuwa ka sani, ba ta tashi da makulli sai an tura.

Sai muka ji kukan jirgi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Wallahi ban san ihun mata na da ƙarfi haka ba. Ƙofar gefe ta cije, mutane na hawa kan juna, wata ta miƙa jaririnta ta taga ga wanda ba ta sani ba. Mai tsaron mararrabar ya ruga kan layi yana kaɗa jan ƙyalle. Ɗalibai suka dira ta baya, masu keke suka yar da kekunansu, aka taru aka tura. Ni ban fita ba, ina zaune ina salati. Mun sauka daga dogo kenan jirgin kaya ya wuce, iskarsa ta kaɗa motar. Har yau in na ji kukan jirgi daga gida, sai in ajiye lomar da ke hannuna.

Na uku. Ban tsaya a kan jita-jita ba, na je garejin Sabon Gari inda ake kai motar. Bakaniken bai ɓoye mini komai ba. Ya ce haƙoran giyar sun cinye, man giya yana zuba ta ƙasa, kuma da ya tsiyaye man, ɓarɓashin ƙarfe ya gani a ciki yana ƙyalli. Ya ce ya aika maka cewa sai an sauke akwatin giyar gaba ɗaya an canza abin da ya lalace, an duba kuloci. Amsar da ta dawo ita ce a ƙara mai mai kauri, a ɗan lallaɓa zuwa bayan salla, don motar ba za ta kwana a gareji ana ciniki ba. Haba Alhaji! Mai ba ya mayar da haƙorin da ya cinye. Ɗanjuma kuma kada ka huce a kansa. Yana da iyali, tsoron ka karɓe makulli ne ya rufe masa baki.

Bayan ranar jirgin nan na rantse ba ni ba kujerar gaba. Washegari aka matsa mini, na ƙi, na kutsa can baya cikin kwandunan tumatir. Da aka rasa tsoho, sai aka nemi wanda ya fi cancanta a tausaya wa. Aka ba wata mace mai tsohon ciki, za ta awo, da ƙaramar ɗiyarta a cinya. Ina kallo daga baya Ɗanjuma ya nuna mata sandar. Ta kama da hannu ɗaya, ɗayan yana rungume da yarinyar, tana dariya, ta ɗauka wasa ne. Da muka doshi dogo na rufe ido. Allah ya tsare muka haye, amma ni na wuni a ofis ina tunanin matar nan da ɗiyarta.

Saboda haka na karya rantsuwata, na yi kaffara, na koma gaba. Sai dai tun ranar jirgin nan hannuna rawa yake yi, kuma ba ya bari.

Ga roƙona, ranka ya daɗe. Ka janye motar nan daga hanya yau, a sauke giyar a gyara ta gyaran gaskiya, ko da zan riƙa takawa da gwiwar nan har a gama. A gyara ƙofar gefe, a sa ta tashi da makulli. Shugabannin tasha kuma ina roƙonsu kada su yi mata lodi sai bakanike ya ce ta warke. In kana ganin na zuzuta, zo da safe, za a ba ka kujerar gaba, ai kai ma babba ne.

Allah ya ƙara maka arziki na halal, ya tsare ka da zuri'arka daga mummunan labari, ya sa kada a taɓa yi maka sallama da sunayen mutanen da motarka ta ɗauka. Gobe in ta fito zan shiga, zan danne sandar iya ƙarfina, amma na gaya maka a gaban kowa: hannun nan ba zai ƙara kai mu nesa ba.

Wassalam.

Naka mai jin tsoro,
Malam Tanko Masinja, Jushi