Ganyen Sifirin Da Na Ce Maka Sabo Ne

Zuwa ga ƙanena Habu direba, a duk ƙasar da wannan takarda ta riske shi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan sallama da gaisuwar zumunci, ina fata kana raye, kana kuma cikin ƙoshin lafiya. Ni ne yayanka Sale, bakaniken bakin tashar Gumel. Inna tana nan, mutanen gida ma duka suna nan.

Takardar nan ban manne bakinta ba. Na sa an kwafe ta da yawa, na raba wa direbobin da ke ƙetare iyaka ta Maigatari, masu zuwa Damagaram da gaba da can. Wanda ya ga dama ya karanta. Abin da ke ciki shekara huɗu ina ɓoyonsa, kuma ɓoyon ya ishe ni.

Ka tuna shekarar farin nan. Damina ta zo ta wuce, gero bai kai gwiwa ba ya bushe a tsaye. Daga Gumel zuwa Sule Tankarkar babu abin da mutum ke gani a gefen hanya sai mushen shanu da ungulaye, sun ƙoshi har ba sa tashi in mota ta zo wucewa. Mutanen arewa suna ta gangarowa a ƙafa. Kai kuwa kana jan farar a-kori-kurar nan, kana kwaso jar dawar agaji daga tashar jirgin ƙasa ta Gagarawa zuwa ƙauyuka.

Ranar wata Asabar da hantsi ka shigo gareji. Tun kafin ka kashe ta na ji abin da ban so ba. Duk ramin da ƙafar baya ta faɗa sai ta ce ƙwas, kamar ana buga taɓarya a turmin da ba komai ciki. Da ka tsaya na koma baya na dube ta. Ta karkace hagu kamar jakin da aka yi wa lodi gefe guda. Na danna bayanta da ƙarfina na saki. Mota mai lafiya ɗagowa take yi sau ɗaya ta tsaya, ita kuwa ta yi ta rawa sai da na dafa ta. Tayar hagu ta cinye tudu da kwari. Shokazoba, mai hana mota tsalle a gargada, ta jiƙe sharkaf da mai.

Ka ce, “Yaya, kwana biyu ke nan in na hau gargada sai in ji bayanta na son ya riga gabanta.”

Na sa jak na ɗaga ta, na shiga ƙarƙashi. Shokazoba ba ta dame ni ba, ina da wata. Robobin bushin da suka mutu su ma ina da su. Amma da na kankare taɓon da ke jikin sifirin, jerin ƙarafan nan da ke ɗauke da nauyin mota, sai na ga tsaga a babban ganyensa, wanda shi ke riƙe da ƙafar baya a mazauninta. Siririya ce kamar gashi, kusa da inda ganyen ya naɗe ya kama jikin mota. Na kira ka ka leƙo. Ka daɗe kana kallonta.

“In ka ce kada ta tashi, Yaya, ba za ta tashi ba.” Haka ka faɗa, ka miƙo mini makulli.

Na aika Kano a sayo ganye. Ranar Talata saƙo ya iso, na gwada, ya gaza da kusan yatsa uku. Na wata mota ne. A ranar kuma labari ya zo cewa jirgi ya sauke dawa a Gagarawa, wadda za a kai yankin Sule Tankarkar, har da ƙauyenmu inda Inna take. An ce motar da ba ta yi lodi ranar Laraba ba, za a karkata rabon zuwa wata gunduma. Kwana biyu kafin haka wani ya zo daga gida ya gaya mini Inna ta fara dafa ganyen da ko awaki ba sa ci. Ka hau babbar mota ka tafi Gagarawa kama layi, ka bar ni da a-kori-kura da ganyen da bai yi ba.

Habu, ni na koya maka cewa ba a yi wa babban ganye walda. Ƙarfen sifirin in ya sha wuta taurinsa ya mutu, ya daina lanƙwasa, sai dai ya karye farat ɗaya ba gargaɗi. Na sha korar direbobi a kan wannan magana. Amma da azahar ɗin ranar na kwance tsohon ganyen, na kai shi bayan gareji, na yi masa walda da hannuna. Na goge wurin har ya yi sumul. Na shafe shi da baƙin mai, na mayar, na ɗaure. Na sa shokazoba da bushin. Da na sauke jak motar ta tsaya cak, ba karkata, ba rawa. Wanda bai sani ba sai ya rantse daga kanti ta fito.

Da ka dawo ka danna bayanta, ta ɗago ta tsaya. Ka yi murmushi ka ce, “Sabo ne?”

Na ce, “Sabo ne.”

Na sani da na gaya maka gaskiya ba za ka tayar da ita ba, ni kuma ina tunanin Inna. Haka na riƙa gaya wa kaina. Amma akwai wani abu bayan wannan: ban so a ce a tasha Sale ya riƙe mota kwana huɗu ya kasa. Sai na ce maka kada ka wuce buhu goma, ka kuma bi ta a hankali. Ka yi dariya, ka ce yaushe Yaya ya fara tsoron aikin hannunsa.

Ranar Laraba bayan azahar ka wuce ta gaban gareji da lodi. Na ƙirga buhunan da ido, sun haura goma. Ka ɗaga mini hannu. Ina riƙe da sifana ina kallonka. Da na ɗaga murya da ka ji ni, don a hankali kake tafiya saboda ramukan bakin tasha. Na tsaya ina sauraron ƙafar bayan nan har ka sha kwana. Ba ta yi ƙara ko ɗaya ba. Shirun nan ya fi ƙwas-ƙwas ɗin ranar Asabar tayar mini da hankali.

Ana idar da la’asar aka zo aka ce ka faɗi a kwalbatin da ke gab da Sule Tankarkar.

Na same ka zaune a gindin aduwa, hannunka na dama yana lilo. Motar tana kwance a kan haƙarƙarinta cikin rami. Buhuna sun fashe, mutane sun durƙusa suna tsince dawa daga cikin yashi. Can gefe an rufe wata mata da zane. Daga baya na ji sunanta Dije. Ita da mijinta Malam Buba, Bafulatanin da shanunsa suka ƙare, kwana uku suna tafiya a ƙafa. Ka gan su a hanya ka tsaya ka ɗora su a kan buhuna. Shi motar ta watsar da shi gefe. Ita lodin ya danne.

Ka ɗago ka dube ni ka ce, “Yaya, ka ce goma. Ban ji ba.”

Na zagaya na duba ƙarƙashin motar. Ganyen ya rabu biyu daidai kan waldar, bakin karayar fari tas. Da ya karye ƙafar hagu ta zame baya, motar ta juya da kanta. Babu direban da zai iya riƙe sitiyari a wannan hali. Guntun da ya faɗi a yashi na ɗauka na cusa a aljihun rigar aiki. Da ɗan sanda ya zo ya ce lodi ne ya yi yawa, ka ce haka ne. Ni ma ina tsaye na gyaɗa kai.

Wata biyu ka yi a ɗakina kana jinyar hannu. Ba ka cin abinci sai an matsa maka. In mota ta wuce a kan gargada sai ka rufe ido. Kullum ina cewa gobe zan gaya maka. Wata Alhamis ka ce za ka kasuwar Maigatari, ba ka dawo ba. Wani ya ce ya gan ka kana dako a Damagaram. Wani ya ce an ba ka mota ka ja, ka ce kai ba ka iya tuƙi ba. Daga nan labarinka ya yanke.

Tun daga lokacin babu motar da ke fita daga garejina sai na sa direbanta ya kwanta a ƙasa tare da ni, ya ga abin da na cire da abin da na sa, ya taɓa da hannunsa. Suna cewa Sale ya cika fitina. Ba su san dalili ba.

Watan jiya Malam Buba ya zo gareji. Ban gane shi ba sai da ya faɗi ko shi wane ne. Ya ce Allah ya mayar masa da ’yan shanu shida. Yana riƙe da ƙwarya cike da man shanu, ya ce na direba ne, domin motoci da yawa sun wuce su a kwanakin nan uku, kai kaɗai ka taka birki. Ya ce in gaya maka bai taɓa riƙe ka da komai ba.

Na shimfiɗa masa tabarma, na ɗauko guntun ƙarfen daga ƙasan akwatin kayan aiki, na ajiye a gabansa. Na gaya masa komai kamar yadda na gaya maka yanzu. Ya juya ƙarfen a hannunsa, ya shafa wurin waldar da babban yatsa. Ya ajiye shi a kan tabarma. Da ya miƙe sai ya ce, “Man na direba ne. Ka adana masa.” Ya sa takalmansa ya tafi. Bai ce ya yafe mini ba, ni kuma ban ga bakin roƙonsa ba.

Washegari na tafi gida na gaya wa Inna. Idanunta sun yi rauni sosai, Habu, sai ta lalubi fuskar mutum take gane shi. Ta saurare ni har ƙarshe ba ta katse ni ba. Sannan ta ce, “Dawar da aka tsinto a yashin nan, har da ita na ci na rayu. Ashe abin da na ci ke nan.” Ta juya fuskarta bango. Da zan fita ta ce, “Ka nemo mini ɗana. Kada ka sake shigo mini kai kaɗai.”

To ka ji, ƙanena. Lodin da ka ƙara, sabon ganye zai ɗauke shi har ya ɗauki wani. Tsayawar da ka yi wa bayin Allah nan alheri ne. Kayan da kake ɗauke da shi shekara huɗu ba naka ba ne, nawa ne, ka kawo mini abina. Ba na cewa ka yafe mini. In ka zo ka ga ba za ka iya kallona ba, ka wuce Gumel kada ka tsaya, ka zarce wurin Inna. Jikinta ba ya jiran kowa yanzu.

Allah ya jiƙan Dije, ya sa Aljanna ce makomarta, ya ba Malam Buba ladan haƙuri. Allah ya sa takardar nan ta same ka a bisa ƙasa, ba a ƙarƙashinta ba. Allah ya tsare ka a hanya, ya ara wa Inna kwanakin da za ta shafa fuskarka. Ni kuma Allah ya yi mini da sauƙi. Amin.

Yayanka mai laifi a gare ka,
Sale